Haliru Mai Kufai da Kiryar Maƙera

Haliru Mai Kufai ya rasu bara, wata ranar Talata, bayan an sauko daga sallar Azahar. Sa'ana ne, ko ya girme ni da watanni, iyayenmu mata ba su taɓa daidaitawa a kan wannan ba. Ni sunana Auwalu. Ban yi boko ba sai ajin yaƙi da jahilci da na zauna ina da 'ya'ya uku, don haka wanda ya ga rubutuna ya karkace ya yi mini uzuri. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, tun da aka rufe shi ban ƙara jin wani ya ambaci sunayen nan da yake kira ba, kuma na lura ni ma sun fara zame mini ɗaya bayan ɗaya.

Garinmu na fari, Tungar Bappa, a bakin Kwara yake, ba nisa da Warra. Masunta ne mu, muna kuma taɓa noma. Muna 'yan shekara sha takwas aka gama madatsar Kainji, aka ce mu kwashe mu koma tudu, inda aka gina mana sababbin gidaje. Mun kwashe. Ruwan bai zo da gudu ba kamar yadda yara suke zato yanzu. A hankali ya riƙa hawowa, yau ya ci fadama, jibi ya shiga garken wani, bayan kwana goma ka ji an ce ya kai dandalin masallaci. Tun daga lokacin muke ce wa wurin Kufai.

Kowa ya juya wa Kufai baya, ban da Haliru. Mahaifiyarsa, Inna Mariya, mai waina ce, shi ne kuma ya tashi da tiren talla a ka, babu zauren da bai shiga ba a garin, babu lungun da bai san inda ya ɓulle ba. Da ruwa ya fara cin gari sai ya zama kullum da safe ya ɗauki ƙaramin jirginsa ya tafi ya zauna a can, ba ya jefa raga, ba ya komai. Inna Mariya ta gaji, ta tare shi wata rana a gabana.

"Kai, mi ka baro can da kaka komawa kullum? Ko aljanar rijiya ta yi maka alkawarin aure?"

Ya ce, "Inna, kallo nike. Ina son in ga inda komi ya kwanta."

Ta ce, "To kallo za mu ci."

Wata uku ya yi yana wannan kallo. Ashe awo yake yi. Kowace bishiya in ruwa zai rufe ta, sai ya dubi dutsen da ke gabas, ya dubi giginyoyi biyu da ke kan tudu, ya riƙe a ransa inda ta faɗo tsakaninsu. Gidajen laka sun narke tun shekarar fari. Kukoki sun ruɓe bayan 'yan shekaru. Amma tsamiya da maɗaci da kirya ba su san ruɓewa ba. Rassansu suka kakkarye, suka bar kututture a tsaye cikin ruwa, wani tsininsa kamu ɗaya ne kawai ƙarƙashin ruwa, ba ka ganinsa sai ka ji shi a cikin katakon jirginka. Wanda ya fi kowanne sharri shi ne na kiryar maƙera, wadda take ƙofar maƙerar garin a da. Ta tsage gida biyu, ta yi tsini kamar an fiƙe ta da gangan.

Tseren da ya ba Haliru suna ba wani ne ya zauna ya tsara shi ba. Gardama ce ta haife shi, shekara huɗu bayan tashinmu. Akwai wani Aliyu, mutumin tungar da ke kudu da mu, dogo mai baki, ya ce a bainar jama'a wai mutanen Tungar Bappa tun da suka hau tudu hannunsu ya mutu, filafili ma sai mata sun riƙe musu. Samarinmu suka ce a gwada. Aka yanka wuri: a tashi daga kwatarmu, a yi kudu, a kewaye gungun dutse, a dawo. Wanda ya riga taɓa ƙasa shi ya ci. Lokacin sanyi aka yi, bayan an gama girbi, ruwa ya cika ya kwanta.

Hanya biyu ce ta dawowa. Ko ka yi yamma ka bi ta tsakiyar ruwa, inda tsohon kogi yake, ba abin da za ka taɓa amma da nisa. Ko ka yanke ta cikin Kufai, ka rage kusan rabin tafiya, in ka fita da jirginka. A wannan rana su Aliyu sun ba mu rata mai yawa. Muna kewayo gungun sai Haliru ya ajiye filafilinsa, ya rarrafa zuwa goshin jirgi, ya durƙusa, ya ce, "Ku bi bakina." Muka shiga Kufai da gudu yana kira. Da muka iso kwata, har mun sha ruwa mun zauna kafin su Aliyu su ɓullo.

Daga nan ya zama al'ada. Tunga biyu suka zama huɗu. Aka fara sa rago, mata suka fara fitowa da guɗa, makaɗa suna zuwa tun daga Yelwa. Shekara goma sha wani abu muna yi da filafili, mutum goma sha biyu a jirgi. Sai inji ya shigo. Tsofaffi suka ce tsere ya lalace, yanzu ba ƙarfin mutum ake gwadawa ba. Ba su yi ƙarya ba, amma ga Haliru lokacin ne aikinsa ya ƙara tsada, don jirgin filafili in ya hau kututture tsagewa yake yi, na inji kuwa tarwatsewa. Sai aka koma mutum uku a jirgi: mai inji a baya, Haliru a goshi, ni a tsakiya. Aikina biyu ne, in kwashe ruwa, in kuma maimaita wa mai inji abin da Haliru ya faɗa, saboda ƙarar inji ba ta bari murya ta kai baya. Abin dariya ne a ce ni aka ba wannan aiki, ni da Haliru yake kira Kurma tun muna yara saboda rashin maganata. Ya ce shi ya sa ya zaɓe ni, wai ba zan ƙara ko kalma ɗaya tawa ba.

Yadda yake kira, nan ne maganar take. Haliru bai taɓa cewa dama ko hagu ba, bai taɓa cewa gabas ko yamma ba. Yana kira ne kamar mutumin da ke tafiya da ƙafa a cikin tsohon gari. A garinmu na da, kogi yana yamma, ƙasa ta gangara wajensa, tudu yana gabas. In uwa ta ce wa ɗanta ya gangara, kowa ya san bakin kogi aka aike shi. In ta ce ya haura, wajen gonaki ne. To haka Haliru ya riƙe. In ya ce "gangara", nufinsa ka yi wajen tsohon kogi, wato ka nisanci gaɓa ka shiga tsakiyar ruwa. In ya ce "haura", ka matso wajen gaɓa. Za ka ji shi, "Tsamiyar Liman, gangara! Rijiya, miƙe! Maɗacin kasuwa, haura kaɗan! Garken Binta, miƙe, miƙe! Kiryar maƙera, gangara!" Mu da aka haifa a can ba mu taɓa jin wani abu a cikin wannan ba. Wani lokaci in yana kira, har nakan ji kamar zan ga Liman zaune a gindin tsamiyarsa yana ɗinkin hula.

Ba zan ɓoye aibinsa ba don ya mutu. Haliru ya yi rowar Kufai. Bai taɓa shiga da wani baƙo ya nuna masa ba. Aliyun nan, bayan sun zama abokan wasa, ya zo masa har gida da goro, ya ce, "Mai Kufai, ba don tsere ba. Yarana na bi nan da kaya ranar kasuwa. Ka nuna muna ko manyan guda biyar."

Haliru ya karɓi goron ya ɓare, ya ce, "Ku bi ta tsakiya, Ɗan Hayaƙi, ai Allah ya hore muku man da kuka ƙonawa." Ɗan Hayaƙi yake ce masa saboda injinsa ba ya tashi sai ya turnuƙe kwata. "Wanga gado na, kuma ina da mai shi."

A shekarun nan jirage uku na sani da suka fashe a Kufai. A na ukun wata mata ta rasa jaririnta. Ranar na daure na ce masa, "Haliru, da ka nuna wa mutane." Ya dube ni ya ce, "Kurma, yau kuma kai ka magana?" Ya tashi ya bar wurin. Na san abin ya taɓa shi, don kwana biyu bai fita ruwa ba. Amma bai sauya ba.

Mai gadon da yake nufi shi ne Jabiru, ɗansa na fari, kuma shi kaɗai ne namiji cikin 'ya'yan da matarsa Murjanatu ta haifa masa. Saboda kunyar ɗan fari, Haliru bai taɓa kiran sunansa ba. "Kai" yake ce masa, in kuma ba ya nan, "wancan". Duk burinsa a duniya ya zuba Kufai a kan yaron nan, bishiya bayan bishiya, yadda in ya mutu garin ba zai sake nutsewa ba. Haka ya taɓa faɗa mini da bakinsa.

Shi kuwa Jabiru mota ce a ransa. Tun yana ɗan sha shida ya gudu tashar Yelwa ya zama karen mota, daga baya ya zama direba, yana jigila hanyar Kontagora. Yaron kirki ne, mai fara'a, ba ya zuwa gida hannu sake. Amma in uban ya ce su shiga ruwa, sai ya ce lodi na jiransa. Haliru ya koma kiransa "wancan na tasha". Shekara ashirin ana haka.

Sai idon Haliru ya fara yana. Ni ya fara gaya wa, muna gyaran raga. Ya ce, "Kurma, giginyoyin can biyu, ɗaya nike gani." Na ce ya je asibiti. Ya ce zai je bayan tsere. Ya ce, "Bana ta ƙarshe ce gare ni. In wancan bai zo bana ba, shi ke nan."

Ban san me Murjanatu ta aika wa ɗanta ba. Abin da na sani, saura kwana biyar tsere sai ga Jabiru ya sauka daga kan babur da 'yar jakarsa da wata jarka shuɗiya da yake zuba ruwan mota a ciki. Ya durƙusa ya gaishe mu, ya ce, "Baba, na zo in riƙa maka inji. In ka ga na iya, sai ka koya min sauran." Haliru bai ɗago ba. Ya ce, "To." Ya ci gaba da ɗinkin ragarsa. Amma na ga sau uku yana kuskuren idon raga ɗaya.

Kwana uku muka yi muna shiga Kufai a hankali. Riƙon inji bai ba Jabiru wuya ba, mutum ne da ya san ƙarfe. Ranar farko da uban ya ce "gangara" yana nuni da hannu wajen tsakiyar ruwa, sai Jabiru ya rage wuta ya fashe da dariya.

"Baba, ku komi naku a juye shike. Mu a titi in fasinja ya ce gangara, gefe aka nuhi, ka sauka dama ka tsaya. In an ce hau, shi ne ka shiga tsakiya."

Haliru ya ce, "Titin naka jiya-jiya aka shimhiɗa shi. Kwara na yamma tun ba a haihi kakanka ba. In na ce gangara, ka yi kamar an aike ka ɗibar ruwa."

"To ai ko'ina ruwa ne, Baba."

"Gare ka."

Muka yi dariya dukanmu, har shi Halirun. Jabiru ya ce, "Baba Auwalu, kai ne shaida, na riƙe. Gangara tsakiya, haura gaɓa." Kuma ya riƙe ɗin. A kwana ukun nan bai yi kuskure ko sau ɗaya ba. Ya haddace bishiya goma sha huɗu, yana tambayar wa ke da gidan nan, wa ke da wancan. Da muka zo inda ɗakin Inna Mariya yake, Haliru ya sa aka kashe inji, ya ce, "Nan kakarka ke suyar waina." Jabiru ya leƙa ruwan ya daɗe, kamar zai hango tandar. Ban taɓa ganin Haliru cikin farin ciki irin na kwanakin nan ba. Har sabuwar hula ya saya.

Yanzu zan faɗi nawa. Da safiyar ranar tsere, ni da Jabiru muka shiga jirgin wani maƙwabci za mu ƙaro mai a tungar gaba. Maƙwabcin ne ke tuƙi. Da muka kusa, Jabiru yana cikin ba ni labarin wani fasinja, sai ya ɗaga hannu ya nuna gaɓa ya ce wa mai jirgin, "Gangara nan mu sauka." Bai ma san ya faɗa ba, ya ci gaba da labarinsa. Ni na ji. Na ce a raina in mun koma zan ja Haliru gefe in ce masa yau ɗaya ya kira yamma da gabas. Da muka koma na same shi a kwata cikin sabuwar hula, mutane sun kewaye shi, yana ce musu, "Bana direba gare ni, na Kontagora." Sai na ga ba zan iya ba. Na ce ai yaron ya riƙe. Na yi shiru irin wanda na saba.

Jirage huɗu suka jeru da hantsi. Sanyi ne sosai, ruwa yana tururi. Aliyu ya tsufa ya bar wa ɗansa inji, amma bai bar bakinsa ba, yana daga kan gaɓa yana ihu, "Mai Kufai, ka gaya wa direbanka babu birki a nan!" Haliru ya ce, "Ka tanadi tabarma, Ɗan Hayaƙi, za ka daɗe kana jiran naku." Aka buga ganga muka tashi.

Mun kewayo gungun dutse muna na biyu. Jirgin ɗan Aliyu, maimakon ya yi tsakiya kamar kullum, sai ya rage ya bar mu muka wuce, ya biyo sawunmu, yana son ya bi inda muka bi. Jabiru ya waiga ya gan su, ya ƙara wuta. Muka shiga Kufai da gudun da ban taɓa shiga da shi ba. Ruwa yana dukan fuskata. Haliru yana durƙushe a goshi, ya kama katako da hannu biyu saboda tsallen jirgi, ba halin nuni. Sai murya.

"Tsamiyar Liman, gangara!" Na maimaita. Jabiru ya yi daidai.

"Rijiya, miƙe! Maɗacin kasuwa, haura kaɗan!" Daidai.

"Garken Binta, miƙe!"

A nan goshin jirgin ɗan Aliyu ya zo dab da mu ta hagu, har ina jin ihunsu. Jabiru ya juya ya dube su. Shi kuma Haliru, saboda idonsa, ya makara da ganin giginyoyin, sai da muka zo kai ya gane. Ya ɗaga murya da ƙarfi irin na mai tsoro, "Kiryar maƙera! Gangara! Gangara!" Na juya na kwarara wa Jabiru a fuska, "Gangara!"

Na ga idonsa. Bai yi tunani ba, babu lokacin tunani. Hannun da ya shekara ashirin yana sauka dama in an yi masa wannan tsawa, shi ya amsa. Jirgi ya karya wajen gaɓa.

Ƙarar kawai na tuna, sai sanyi. Da na taso na ga katako yana yawo ko'ina, su ɗan Aliyu sun kashe inji suna miƙo mini gora. Haliru yana can gefe yana iyo, hular ta tafi, yana juyawa yana kira, "Jabiru! Jabiru! Jabiru!" Shekara talatin da shida yaron ya yi a duniya, ranar ce na fara jin sunansa a bakin ubansa.

An yi ta nutso har Azahar ba a gan shi ba. Haliru yana zaune a jirgin Aliyu, an lulluɓa masa bargo. Can sai ya ce a hankali, "Ba nan ba. Ku koma bayan maƙera, akwai ramin da aka ɗebi ƙasar gini, ruwa na juyawa can." Aka ja taru a wurin. Kafin La'asar aka fito da shi. Inji ne ya buge shi a ƙeya. Ko wannan ma Haliru ne ya san inda za a duba.

Tun daga shekarar ba a sake tsere ba. Babu wanda ya hana, babu dai wanda ya sake tayar da maganar.

Bayan addu'ar arba'in na same shi a bayan gida, na gaya masa abin da na ji da safiyar nan da yadda na yi shiru. Na shirya ya zage ni, ko ya ce kada in ƙara taka gidansa. Sai ya ce, "Kai ka hwaɗi abin da na hwaɗi. Shi kuma ya yi abin da ya ji. Tun ranar hwarko ya gaya min, Auwalu, da bakinai, na maishe shi wasa." Ya shafa fuskarsa. "Kalma guda. Da na ce yamma."

Bai ƙara kirana Kurma ba daga ranar.

Shekara biyu bai taka jirgi ba. An yi masa aikin ido ɗaya a Yelwa, bai yi wani kyau ba. Yana zama a zaure, 'yar Jabiru, Mufida, tana kawo masa abinci. Na lura ko ita zai aika bakin ruwa, "je ki kwata" yake cewa. Waccan kalmar ban sake jin ta a bakinsa ba har ya koma ga Allah.

A shekara ta uku, da bazara, lokacin da ruwa ya janye har kawunan kututture suka fara leƙowa, ya aiko a kira ni. Na tarar da Aliyu zaune a zauren, ga tarin jarkoki da igiya a gabansu. Haliru ya ce, "Ɗan Hayaƙi, biyar ka roƙa. Tashi in ba ka duka." Aliyu, mai bakin nan, sai ya tashi ya fara kwasar jarkokin.

Kwana tara muka yi. Ɗan Aliyu yana tuƙi a hankali, Haliru yana goshi, in mun zo sai ya miƙa hannu ya shafa kututturen kamar mai gaisawa, ya faɗi sunansa da ƙarfi don duk wanda ke kusa ya ji, ya faɗi gidan wa ke nan. Mu kuma mu ɗaura igiya mai tsawo da jarka a bakinta, yadda in ruwa ya dawo za ta taso ta yi yawo a kai. Jirage suka riƙa bin mu, har da na mutanen da ba mu sani ba. Arba'in da ɗaya muka ɗaura. Kiryar maƙera ya bari ta ƙarshe. Da safiyar ranar Murjanatu ta fito da shuɗiyar jarkar nan ta Jabiru, ta ajiye a ƙofar zaure, ta koma ciki. Shi ya ɗaura ta da hannunsa, ya ƙi a taya shi, ya yi ƙulli ya fi bakwai.

Tun daga nan ban ji jirgi ya fashe a Kufai ba. Amma sunayen ba su zauna ba. Matasa ba su san Liman ba, ba su san Binta ba, ba za a ga laifinsu ba. "Jarka ta uku" suke cewa, "jarka ta tara". Kirya kuma "shuɗiya". Wata rana wani ya zo gaishe shi, ya ce ya kama giwan ruwa kusa da jarka ta shida. Bayan ya fita Haliru ya ce mini, "Ta shida ɗakin Inna ne." Sannan ya ce, "Ba komi. Su dai wuce lahiya."

Yanzu jarkokin ma suna ƙarewa. Rana tana fasa wasu, igiyar wasu tana ruɓewa, wasu kuma masu buƙata suna kwancewa. Da sanyin bana na sa aka zaga da ni, goma sha bakwai na ƙirga. Shuɗiyar tana nan, ta koɗe ta zama kamar fara. Na yi wa ɗan Aliyu magana, ya ce in bazara ta yi za mu sake, in na iya tuna wuraren. Ashirin da shida na iya tunawa. Sauran sun tafi da mai su.

Na rubuta ashirin da shidan a bayan wannan littafi, a jere, yadda mai dawowa daga gungun dutse zai same su. Na daɗe ina tunanin yadda zan rubuta, ko da kalmominsa ko da wasu. Da na zo ta ƙarshe hannuna ya rubuta yadda ya saba ji shekara arba'in, sai na soke. Ga yadda take yanzu: Kiryar maƙera, ka bar ta a hannunka na dama, ka yi yamma, wajen tsakiyar ruwa.